Idon Ɗan Wasa ko Idon Ƙwaya: Sharhi a kan Neman Tarko a Wasannin Kwaikwayo na Tebur

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wata matsala guda ɗaya wadda ta daɗe tana damun masu tsara wasannin kwaikwayo na tebur, tun daga fitowar Dungeons & Dragons a Amurka cikin 1974 har zuwa yau. Matsalar kuwa ita ce ta neman tarko, watau yadda za a yanke hukunci ko tauraron da ɗan wasa yake riƙe da shi ya gano tarkon da aka ɗana masa a hanya, ko kuwa ya faɗa cikinsa. A ido abin ƙarami ne, amma idan aka zurfafa tunani za a ga cewa amanar da ke tsakanin alƙalin wasa da 'yan wasansa a kansa ta rataya. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa dokokin da suka damƙa gano tarko a hannun ƙwaya sun ɗora gwajin a inda bai dace ba. Za a fara da taƙaitaccen bayanin wasan, sa'an nan a bi tarihin dokokin, a fito da aibobinsu, a saurari hujjar masu kare su, daga ƙarshe a kawo shawara.

2.0 Yadda Wasan Yake

Mutum huɗu ko biyar ne sukan zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne alƙalin wasa, shi ke riƙe da taswirar kogon da za a shiga, shi kaɗai kuma ya san abin da ke ɓoye a ciki. Sauran kowa yana da tauraro guda, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, wanda aka rubuta ƙarfinsa da gwanintarsa da lambobi a kan takarda. Alƙali ya siffanta wuri da baki, 'yan wasa su faɗi abin da taurarinsu za su yi, shi kuma ya faɗi abin da ya biyo baya. Idan sakamakon wani aiki yana da shakka sai a jefa ƙwaya, irin ta lido mai fuska 6, ko wata mai fuska 20, a kwatanta abin da ya fito da lambar da ke takarda. Wannan shi ne abin da za mu riƙa kira gwajin gwaninta.

To, a nan ya kamata a lura da wani abu. Ɗan wasa ba shi da ido a cikin kogon sai bakin alƙali. Abin da alƙali bai ambata ba, a wurin ɗan wasa babu shi. Saboda haka duk wata doka da ta shafi gani da lura, a haƙiƙa doka ce da ke tsara abin da alƙali zai faɗa da abin da zai ɓoye.

3.0 Tarihin Dokokin

3.1 Zamanin Gora

A littattafai uku na farko waɗanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR, babu ɓarawo a cikin taurari, babu kuma wata gwaninta mai suna neman tarko. Abin da doka ta tanada kaɗan ne. Idan tauraro ya bi ta kan tarko, alƙali zai jefa ƙwaya mai fuska 6, in 1 ko 2 ta fito tarkon ya tashi. An kuma ce jinsin wadanni sukan lura da tarkuna da hanyoyi masu gangare a ƙarƙashin ƙasa. A cikin jerin kayan da tauraro zai iya saye akwai gora mai tsawon ƙafa 10, wadda ta zama tambarin wannan zamani. Da ita ɗan wasa yake cewa ya ƙwanƙwasa daɓe, ya tura ƙofa, ya zunguri akwati daga nesa, kamar makaho da sandarsa.

Abin da ya hana wannan bincike wuce gona da iri shi ne lokaci. An raba tafiya cikin kogo zuwa zango-zango na minti 10, kuma a ƙarshen kowane zango alƙali zai jefa ƙwaya, in 6 ta fito wani dodo mai yawo ya afko. Ke nan mai yawan tsayawa bincike yana sayen tsira daga tarko ne da haɗarin gamuwa da dodo.

3.2 Shigowar Ɓarawo

A 1975 aka fitar da ƙarin littafi mai suna Greyhawk, na Gygax da Rob Kuntz, a cikinsa ne ɓarawo ya shigo. An ba shi iyawa iri-iri waɗanda aka auna da kashi cikin ɗari, ciki har da kwance ƙananan tarkuna irin su allura mai dafi da ake ɓoyewa a makullin akwati. Ɓarawon matakin farko yana da kashi 10 cikin 100 na yin nasara. Da littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons ya fito a 1978, sai aka haɗa gano tarko da kwance shi, aka sa masa kashi 20 cikin 100 a matakin farko.

Wannan ƙaramin ƙari shi ya sauya al'amari. Da zarar an rubuta gano tarko a takardar ɓarawo, sai mutane suka fahimci cewa wanda ba a rubuta masa ba ba zai iya ba. Ruɗanin ya fito fili a bugun da Tom Moldvay ya shirya a 1981, inda aka ba kowane tauraro damar 1 cikin 6 ta gano tarko, watau kusan kashi 17 cikin 100, wada kuma 2 cikin 6, alhali ɓarawon matakin farko, wanda sana'arsa ke nan, yana da kashi 10 kurum. Masu sake tsara wannan bugu daga baya, kamar Gavin Norman a Old-School Essentials, sun warware ƙullin ta hanyar raba tarkon ɗaki da tarkon akwatin dukiya, suka bar wa ɓarawo na biyun.

3.3 Zamanin Lissafi

Bugu na uku wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000 ya ɗora kome a kan ƙwaya mai fuska 20. Kowane tarko yana da lambar wuya. Ɗan wasa ya jefa ƙwaya, ya tara da makin gwanintarsa ta bincike, in jimlar ta kai lambar ya gano. Bincike ɗaya yana ɗaukar daƙiƙa 6 a kan fili mai ƙafa 5 tsawo da faɗi. Tarkon da wuyarsa ta haura 20 kuwa ɓarawo kaɗai ke iya gano shi, in ban da wada a kan tarkon da aka gina da dutse. An kuma kawo wata doka wadda ta yarda wa mai isasshen lokaci ya ninka binciken sau 20, watau minti 2, a ɗauka kamar 20 ce ta fito masa.

Bugu na huɗu na 2008 da na biyar na 2014 sun ƙara abin da za mu kira lura ta kullum. A nan ba a jefa ƙwaya. Ana tara 10 ne da makin lurar tauraro, alƙali ya ajiye lambar a gabansa, ya riƙa kwatanta ta da wuyar kowane abu ɓoyayye da aka wuce.

4.0 Aibobin Gwajin Gwaninta a kan Neman Tarko

Aibi na farko shi ne cewa gwajin ba ya ɗauke da wani zaɓi. Wasa yana daɗi ne idan ɗan wasa ya auna hanyoyi biyu, kowace da ribarta da hasararta, ya ɗauki ɗaya. Amma idan bincike ba ya cin kome, babu mai hankalin da zai ƙi yinsa, sai ya zama kalma ce kawai da ake maimaitawa a bakin kowace ƙofa. Wanda ya manta bai furta ba a hukunta shi, wanda ya furta ƙwaya ta ƙi shi shi ma a hukunta shi. Tarkon da ya tashi haka ba tare da wata alama ba ya zama haraji da ake cira daga makin ran tauraro, ɗan wasa kuwa bai koyi kome ba illa ya ƙara yawan furta kalmar.

Daga nan aibi na biyu yake tasowa, watau jan ƙafa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alal misali mu ɗauki zaure mai tsawon ƙafa 100 da faɗin ƙafa 10 a dokar 2000. Daɓensa kaɗai fili 40 ne, idan kuma aka ba kowane fili minti 2, taurarin za su share minti 80 kafin su kai ƙarshensa, ba a ma zo kan bango da rufi ba. Idan alƙali ba ya lissafa tocila da dodanni masu yawo, wannan minti 80 ba ta da farashi, kuma ita ce dabarar da doka kanta ta nuna ta fi dacewa. Dokar da ke ba da lada ga aiki mai gundura, laifin gundurar yana wuyanta.

Aibi na uku na lissafi ne, kuma alƙalai da yawa ba su lura da shi ba. Idan aka bukaci ɗan wasa ya ci gwaji uku a jere, na ganowa da na fahimtar yadda tarkon yake aiki da na kwancewa, kowanne kuma yana da damar kashi 70 cikin 100, to damar ya ci dukansu kusan kashi 34 ce kurum. Gwani ya koma mai faɗuwa sau biyu cikin uku. Idan aka juya kuma, aka bar mutum biyar kowa ya gwada da damar kashi 30, to damar ɗaya daga cikinsu ya dace ta haura kashi 83. A hali na farko an wulaƙanta gwaninta, a na biyu an mai da ita abin da taron jahilai zai iya maye gurbinsa.

Aibi na huɗu ya shafi sirri. Idan ɗan wasa ya jefa ƙwaya da hannunsa ya ga 3 ta fito, alƙali kuma ya ce ba a ga kome ba, to ɗan wasan ya san abin da tauraronsa bai sani ba, watau cewa binciken bai yi kyau ba. Ko dai ya yi kamar bai sani ba ya taka, ko kuwa ya nemi abokinsa ya sake dubawa. Idan alƙali ne ya jefa a ɓoye, an tsira daga wannan, amma an kai ga wani: mutuwar tauraro ta rataya a kan lambar da mai shi bai taɓa gani ba.

Lura ta kullum ta zo ne don ta kawar da jan ƙafa, ta kuwa rage shi. Sai dai ta haifi nata aibin. Alƙali ya san lambar lurar kowane tauraro, shi ne kuma yake sa wa tarko lambar wuya. Idan mafi lura a cikinsu yana da 14, sa'ad da alƙali ya rubuta 13 ya riga ya yanke cewa za a gani, sa'ad da ya rubuta 15 ya riga ya yanke cewa za a faɗa. Hukuncin nasa ne tun a gida, an dai lulluɓe shi da rigar lissafi.

5.0 Hujjar Masu Kare Ƙwaya

Ba adalci ba ne a wuce ba tare da an saurari ɗaya ɓangaren ba, domin hujjojinsu suna da nauyi. Na farko, suna cewa ai ba a neman ɗan wasa ya iya sara da takobi kafin mayaƙinsa ya yi yaƙi, to don me za a nemi ya san sirrin makullai kafin ɓarawonsa ya gano allura? Na biyu, hanyar bincike da baki tana fifita mai kaifin harshe a kan mai kunya, tana kuma iya komawa wasan canki-canka, inda sai ɗan wasa ya dace da ainihin kalmar da ke cikin zuciyar alƙali. Na uku, ƙwaya ba ta da son kai, alƙali kuwa mutum ne, yana iya karkata.

Kogon Tomb of Horrors wanda Gygax ya shirya don taron Origins na 1975, aka buga shi a 1978, yana nuna ƙarfin kowane ɓangare a zaure guda. A daɓen zauren shiga akwai ramuka ɓoyayyu masu tsinin ƙarfe da aka shafa wa dafi, kuma su ne suka koya wa 'yan wasa tafiyar hawainiya da gora a hannu. A ƙarshen zauren kuwa akwai wata koriyar fuskar shaiɗan a jikin bango, bakinta a wangame, cikinsa baƙi ƙirin, duk wanda ya shiga ya hallaka nan take. Fuskar ba a ɓoye take ba, kowa yana ganinta, kuma wanda ya fara tura gora ciki zai gane abin da ke nan. Ita ce aka fi tunawa a cikin kogon duka har yau, domin wanda ta cinye shi ya kai kansa, bayan ya gani, ya yi shawara. Darasin da ke nan shi ne cewa tarko ba ya rasa kwarjininsa don an gan shi.

6.0 Inda Ya Kamata Gwajin Ya Zauna

Masu tsara wasanni na baya-bayan nan sun bi hanyoyi dabam-dabam, amma alƙiblarsu kusan ɗaya ce. Matthew Finch a ɗan littafinsa na 2008, A Quick Primer for Old School Gaming, ya yi kira da a koma ga basirar ɗan wasa, ya kuma ba da misalin wanda ya zuba ruwa a daɓe don ya ga inda zai tsiyaye. A tsarin GUMSHOE na Robin D. Laws, wanda aka gina Trail of Cthulhu na 2008 a kansa, mai gwanintar da ta dace yana samun babbar alama ba tare da jefa ƙwaya ba, muddin ya je wurin ya duba. A Dungeon World na 2012, na Sage LaTorra da Adam Koebel, ɓarawo yana jefa ƙwaya biyu masu fuska 6, abin da yake ci kuwa shi ne izinin yi wa alƙali tambayoyi, uku in jimlar ta kai 10, ɗaya in ta tsaya tsakanin 7 da 9. Chris McDowall a Into the Odd na 2014 ya wuce su duka, ya ce taurari sukan lura da akwai tarko a kullum, sai fa in suna gudu, ko ba sa gani sosai, ko hankalinsu ya rabu.

Daga waɗannan za a iya tsamo ƙa'idoji huɗu. Ta farko, kowane tarko mai iya kisa ya kasance da alama wadda alƙali zai ambata kyauta cikin siffanta wurin, gwargwadon haɗari gwargwadon bayyanar alamar. Ta biyu, idan ɗan wasa ya faɗi aikin da a hankalce zai tona tarkon, to ya tona, ba a jefa ƙwaya. Ta uku, bincike ya kasance yana cin wani abu, ko lokaci, ko tocila, ko shiru, domin ya zama zaɓi. A bugun 1981 tocila awa ɗaya take ci, watau zango 6, saboda haka kowane bincike yana ƙone kashi ɗaya cikin shida na haskenta. Ta huɗu, a ajiye ƙwaya sai lokacin aiki, sa'ad da tauraro ya san haɗarin ya kuma sa hannu, a jefa sau ɗaya, sakamakon ya tsaya, kamar yadda Luke Crane ya tanada a Burning Wheel, inda ba a maimaita gwaji sai yanayi ya sauya.

Bari mu gwada su a kan misali. Alƙali ya ce zauren yana cike da ƙura, sai dai a tsakiyarsa akwai wani dutsen daɓe da ƙura ba ta kwanta a gefunansa ba, a bangon hagu kuma akwai ƙananan huji uku daidai ƙirjin mutum, a bayansu kuwa ana jin takun masu bin sawu yana matsowa. Yanzu 'yan wasa suna da abin tattaunawa. Suna iya tsallake dutsen, suna iya toshe hujin da tsumma in lokaci ya yarda, suna iya danna shi da gora daga nesa su yarda da ƙarar da za ta tashi, suna ma iya barinsa yadda yake su janyo masu binsu kansa. Idan ɓarawo ya ce zai cusa wuƙa ƙarƙashin dutsen ya tokare shi, a nan ne ƙwaya take da gurbi, domin hannu yana iya rawa, kuma kowa a tebur ya san abin da za a rasa kafin ta faɗi.

Wannan tsari bai tauye ɓarawo ba, ya ma amsa hujjar farko ta masu kare ƙwaya. Gwanintarsa sai ta koma ƙarin bayani: kowa ya ga hujin, shi kaɗai ake gaya wa cewa kibau ne za su fito, kuma dutsen ba zai motsa ba sai nauyi ya kai na mutum. Mai kunya shi ma ya samu sauƙi, tun da alamar tana gaban kowa, ba sai ya ƙago tambaya daga iska ba. Hujja ta uku ce kawai ba ta kau gaba ɗaya ba, domin nauyin da aka sauke daga kan ƙwaya a kan alƙali ya sauka. Tilas ne ya san yadda kowane tarko yake aiki, wa ya ɗana shi, don wa, kuma ta ina mazauna wurin suke bi su wuce lafiya. Abin da zai tsare shi daga son kai shi ne ya rubuta alamar da hanyar tashin tarkon tun kafin a zauna, ya kuma tsaya a kan abin da ya rubuta.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an bi yadda neman tarko ya tashi daga gora da tambaya a 1974, ya koma kashi cikin ɗari a hannun ɓarawo, ya koma lambar wuya a 2000, ya kuma ƙare a lura ta kullum. An nuna cewa kowane mataki ya magance wani ciwo ya bar tushensa, watau ɗora ƙwaya a kan sanin haɗari maimakon a kan tunkararsa. Tarko ɗan'uwan kacici-kacici ne, sai an faɗi tambayar a fili sa'an nan kasa amsa take zama kaye na gaskiya wanda mai shi zai yarda da shi. Ɗan wasan da tauraronsa ya mutu bayan ya ga alama ya yi kasada zai koma tebur da amana, wanda kuwa ƙasa ta buɗe da shi ba gargaɗi zai koma da zargi da gora. Wannan bayani ya tsaya ne a kan tarko kaɗai. Sauran gwaje-gwajen da suka shafi sani, kamar gano ƙofar sirri da gane mai ƙarya, suna da irin wannan matsala, kuma fili ne da ya kamata masu nazari su duƙufa a kansa nan gaba.